Shekara uku ina gina duniyar labarina, amma na rasa mai karantawa

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata ɗaliba 'yar shekara 20 da ke zaune a cikin garin Bauchi, kuma ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Mama. Tun ina aji biyar na sakandare nake ƙirƙirar wata duniya ta almara da nake so in rubuta labari a cikinta. Yau shekara uku ke nan, na cika littattafan rubutu huɗu da tarihinta: masarautu bakwai, taswira, jerin sarakunan kowace masarauta, har da wani yare da na ƙaga mai kalmomi kusan 400. A watan jiya na saka babin farko a wani zauren WhatsApp na marubuta, shafi goma sha ɗaya, inda na bayyana yadda aka kafa masarautun. Mutum uku kacal suka tanka, ɗaya ma cewa ta yi ina soyayyar take. Ƙawata ta ce ko dai in koma rubuta labarin soyayya ko in yi da Turanci, domin Hausawa ba sa karanta irin wannan. Gwaggona kuma ta ce labarin aljanu da tsafi bai dace da 'yar Musulmi ba. Ga babin nan na haɗo miki. Mama, in haƙura ne?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki, na kuma karanta shafukan nan goma sha ɗaya har sau biyu, kuma amsata ga tambayarki ta ƙarshe ita ce kada ki haƙura. Sai dai zan gaya miki gaskiya yadda zan gaya wa 'yar cikina: abin da kika saka a zauren nan bai kai babin farko ba tukuna, kayan aikin marubuciya ne, irin wanda ake ajiyewa a ɗaki ana dubawa idan buƙata ta taso. Kin yi kamar wadda ta gayyaci baƙi walima, da suka zauna sai ta jera musu buhun shinkafa da jarkar mai da kwandon tumatir, ta tsaya tana jiran a yaba girki. Kayan masu kyau ne, kuma an sha wahala wajen tara su, amma ba wanda zai iya ci sai an ɗora tukunya. Saboda haka shirun da aka yi miki ba hukunci ba ne a kan labarinki, tunda har yanzu ba wanda ya ga labarin.

Kada kuma ki ɗauka ke kaɗai wannan ya taɓa samu. Baturen Ingila J.R.R. Tolkien, wanda ya fi kowa suna wajen ƙera duniyar almara, ya fara rubuta tarihin duniyarsa da harsunanta tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma abin da ya fara jawo masa masu karatu shi ne wani ɗan labari da ya tsara wa 'ya'yansa, The Hobbit, da aka buga a 1937, labarin wani taliki mai son zaman gida da aka taso shi aka sa shi doguwar tafiya. Da ya miƙa wa masu buga littafin tarin tarihin nan da ya fi ƙauna, sai suka ce masa ci gaban labarin suke so. Tarihin bai fito a littafi ba sai a 1977, shekara huɗu bayan rasuwarsa, lokacin da ɗansa ya tattara shi, kuma waɗanda suka yi rububin sayensa mutane ne da labaran suka riga suka sa musu ƙishirwar sanin asalin komai.

A shafi na tara, a tsakiyar jerin sarakunan masarauta ta biyar, kin rubuta jimla ɗaya kin wuce kamar ba ki san abin da kika taka ba. Kin ce a Birnin Kurmasa duk wanda rana ta faɗi yana bayan ganuwa, garin zai manta da shi, har uwar da ta haife shi. Da na zo nan sai na ajiye takardun na yi shiru. Na tashi ina jin tsofaffi suna ba da labarin yadda ake rufe ƙofofin gari da almuru a zamanin da, kuma a tunanina na yarinta babu abin da ya kai kwana a waje tsakanin kuraye muni, sai ga shi kin nuna mini wanda ya fi shi. Wannan jimlar ita ce littafinki. Sauran masarautu shida za su iya jira, domin ba inda za su je.

Ki tuna labarin Bayajida yadda aka ba mu shi muna yara. Mai ba da labarin ba ya tsayawa lissafa mana sarauniyoyin da suka gabaci Daurama, ko da yake sunayensu suna nan a tarihi ga mai so. Doka ɗaya ya ba mu: akwai maciji a rijiyar Kusugu, kuma ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Daga wannan doka kaɗai muka ga garin gaba ɗaya, muka ji ƙishirwarsa da tsoronsa, kuma ta bakin wata tsohuwa muka ji ta, lokacin da baƙo ya sauka a gidanta da dare ya nemi ruwa ta ce masa babu. Dokarki ta faɗuwar rana tana da irin wannan ƙarfin, matuƙar za ki zauna ki bi ta lungu-lungu ki ga abin da za ta yi wa rayuwar mutane.

Bari in fara miki bin ta, ke kuma ki ƙarasa. A garin da ake mantawa da wanda ya makara, Sarkin Ƙofa ya fi Galadima da Madaki ƙarfi a ɓoye, domin ɗan jinkirin da zai yi kafin ya tura ƙyaure, ko ɗan hanzarin da zai yi, shi ne rayuwar wani. Ke nan akwai masu kai masa gaisuwa da dare, wasu don ya jira ɗansu, wasu don kada ya jira ɗan kishiya. Gonakin da ke jikin ganuwa za su yi tsadar da sai masu sarauta da attajirai, talaka kuwa gonarsa tana can nesa inda sai ya baro aiki tun la'asar sakaliya, saboda haka yawancin waɗanda ake mantawa 'ya'yan talakawa ne, kuma garin ba zai taɓa jin nauyin wannan zalunci ba tunda ba ya tuna su. Ɗan garin ba zai iya fatauci ba, don haka gishiri da kanwa da goro duk suna hannun baƙi, su ne masu yanka farashi. Alƙali ba ya buƙatar hauni, fitar da mai laifi kawai za a yi a rufe ƙofa. Wanda bashi ya yi wa katutu zai iya fita da gangan ya kwana a waje, haka ma yarinyar da ake shirin yi wa auren dole, kuma a nan za ki ga cewa abin da yake azaba ga wani mafita ce ga wani.

Sannan ki shiga cikin gida. Uwa ta wayi gari ta ga ƙwarya ɗaya ta yi rara a wajen rabon koko, ta ga ƙaramin takalmi a bakin ƙofa da ba ta san na wane ne ba, kuma tana jin wani nauyi a ƙirji da ba ta san dalilinsa ba. Wace al'ada matan garin suka ƙirƙiro don irin wannan safiya? Ina ake kai kayan da aka rasa mai su? Idan malami ya rubuta sunan mutum a takarda, tawadar tana gogewa ne idan rana ta faɗi ko tana zama? In tana zama, to wanda yake riƙe da kundin sunayen nan ya san abin da sarki kansa bai sani ba, kuma lalle akwai masu son a ƙona kundin. Su kuma waɗanda aka manta, ai ba mutuwa suka yi ba, wataƙila sun kafa tunga a gindin wani dutse suna hango hayaƙin gidajen iyayensu kowace yamma. Wannan shi ne ginin duniya da mai karatu yake ji a jikinsa, kuma za ki lura duk abin da na zayyana bai buƙaci sunan sarki ko ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne mutum guda da za mu bi, wanda yake son wani abu ƙwarai kuma dokar garin ta tsaya masa a hanya. Misali, yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana tsaye a bakin ƙofa, rana ta yi ja, an fara kaɗa gangar rufewa, ƙaninta kuma bai dawo da awaki ba. Ko ta tsaya a ciki ta manta da shi kafin a kira isha'i, ko ta fita nemansa a manta da su duka biyu. Ki ɗauki wannan ko ki nemo wanda ya fi shi, amma shafin farko ya zama akwai mutum a cikin matsi, ba tarihin kafuwar gari ba. Tarihin da kika tara zai shigo da kansa ta ƙananan hanyoyi: ta kirarin da maroƙi zai yi wa Sarkin Ƙofa, ta karin maganar da tsohuwa za ta jefa wa jikarta, ta waƙar raino, ta irin zagin da yara suke yi wa juna, ta cinikin gishiri da wani bafatake. Mai karatu yana jin daɗin haɗa gutsattsarin nan da kansa, kuma idan kika zuba masa komai a faifai tun farko kin hana shi wannan daɗin.

Game da sihirin da ke cikin labarin, na lura jarumanki suna samun ƙarfi a duk lokacin da suka buƙace shi, kuma mai karatu Bahaushe ba zai yarda da wannan ba, domin ya tashi cikin labaran da kowane asiri yake da sharaɗi da makari. Ko a hirar da ake yi ta layar zana da baduhu da maganin ƙarfe na 'yan tauri, kullum za ki ji an ce akwai abin da mai shi ba ya ci ko ba ya yi, in ya kuskure lakanin ya karye. Zancen maita ma a bakin mutane tsari ne cikakke: ana cewa maye yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwa, kuma makarin shi ne a sa shi ya tsallake wanda ya kama. Ba ina cewa ki gaskata waɗannan ba ne, ina nuna miki yadda hankalin masu saurarenki ya saba da abin al'ajabi mai iyaka. Ki rubuta wa kanki a shafi guda abin da sihirin duniyarki yake iya yi, inda ƙarfinsa ya tsaya, da abin da yake ci daga jikin mai shi, sannan kada ki karya wannan ko da jarumarki ta shiga tsaka mai wuya. Ranar da kika karya shi don ki cece ta, daga ranar mai karatu ya daina jin tsoro dominta.

Wani abin da ya ɗan sosa mini rai a babin shi ne dusar ƙanƙara da fadoji masu dogayen hasumiyoyi, waɗanda na san daga finafinai suka shigo miki, alhali kina zaune a ƙasar da za ta ciyar da littafi goma. Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya kafa garin Bauchi a 1809 ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon sama da kilomita goma, kuma har yau muna kiran Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Wambai ko da ƙyauren ya daɗe da tafiya. A dajin Yankari akwai kogon dutse har guda 59 da mutanen zamanin da suka sassaƙa suka zauna a ciki, akwai rijiyoyin Dukkey 139 da aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa, akwai kufan matoyar tama, ga kuma ruwan Wikki da yake ɓuɓɓugowa da ɗuminsa dare da rana, rani da damina. A Geji ta ƙasar Toro da kuma Shira akwai daɗaɗɗun zane-zane a jikin duwatsu. A tsakiyar ƙarni na 19 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano suka fake a duwatsun Ningi, inda magadansu suka shafe shekaru suna gagarar manyan masarautu. Idan kina son sanin yadda tungar waɗanda aka manta za ta rayu a kan dutse, inda za su sami ruwa da yadda za su tsare hanya, to ga inda za ki koya. Ki roƙi a kai ki ki ga abin da zai yiwu da idonki, ki kuma zauna da tsofaffin unguwarku da littafi a hannu, ki tambaye su yadda ake rini a karofi, yadda madugu yake tafiyar da ayari, da yadda ake gane lokaci da fitowar gamzaki. Marubucin wata ƙasa zai iya fin ki sanin dusar ƙanƙara, amma ba zai fi ki sanin yadda hazon hunturu yake rufe dutse da safe ba.

Yaren da kika ƙaga kuwa, ki ajiye mafi yawansa. Kalma goma da aka saka a wuraren da suka dace sun isa su sa mutum ya ji yana baƙuwar ƙasa. Sunaye ne suka fi muhimmanci, kuma gwajinsu mai sauƙi ne: ki sa ƙaninki ya ƙwala kiran sunan daga zaure zuwa tsakar gida, in harshensa ya sarƙe to ki sake. Kurmasa ya zauna a baki, amma wasu sunayen da kika cika da baƙaƙen da babu su a Hausa ba za su tsaya a kan kowa ba. Ki lura da yadda sunayen garuruwanmu suke ɗauke da tarihinsu, kamar Kafin Madaki, wanda daga jin sa kin san akwai kafi kuma kin san na wane ne.

Maganar gwaggo ba abin yarwa ba ce, kuma kada ki yi mata kallon wadda ba ta waye ba, domin tsoron da take ji na imaninki ne. Samuwar aljanu ba a bakin masu tatsuniya ta tsaya ba, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, sihiri kuma an ambace shi an yi hani da shi. Hukuncin abin da ya halatta a ƙagaggen labari na malamai ne, kuma ina ba ki shawara ki kai wa malamar Islamiyyarku ko wani malami da gidanku ya amince da shi ki ji ta bakinsa. Abin da ni na riƙe a matsayin ladabin alƙalami shi ne kada ki sa magana a bakin annabawa ko mala'iku, kada ki ƙagi abin da zai yi kama da aya ko hadisi, kada ki rubuta surkulle ko hatimi da wani zai iya ɗauka ya gwada, kuma kada labarin ya ƙawata neman biyan buƙata wajen boka. Dokar Kurmasa ma ba ta buƙatar aljani ko ɗaya kafin ta yi aiki. Idan kin rubuta sabon babin, ki zauna ki karanta wa gwaggo shi da bakinki. Wadda ta girma da Gizo da Ƙoƙi da Dodo ba baƙuwar almara ba ce, kuma ina kyautata zaton uwar nan mai rarar ƙwarya za ta taɓa ta fiye da yadda za ta taɓa ƙawayenki.

Ƙawarki ta ce Hausawa ba sa karanta irin wannan, ni kuma na ce tarihi bai goyi bayanta ba. Daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 aka sami ƙagaggun labaran Hausa na farko da boko, kuma a cikinsu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda tafiya ce ta neman wani ruwa na al'ajabi, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya kai jaruminsa har duniyar aljanu. A gasar nan ce kuma ɗan ƙasar Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fito da Shaihu Umar. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Ko a zamanin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, littattafan yaƙi da jarumta suna gefe suna da nasu masoya, kuma har yanzu za ki shiga shagon tela ki tarar an kunna irinsu a waya ana saurare ana ɗinki. Masu son hajarki suna nan, kin dai kai ta layin da ba nata ba ne, kamar mai tallar fartanya a tsakiyar 'yan atamfa a Kasuwar Wunti.

Wadda ta tambayi ina soyayyar take kuma, kada ki ji haushinta. A fahimtata abin da take nema shi ne wanda zuciyarta za ta maƙale masa, kuma ta yi gaskiya da ba ta same shi ba. Idan soyayya ta tsiro da kanta a labarin, ki bar ta, domin a garin da masoyi zai iya mantawa da masoyiyarsa cikin dare ɗaya akwai abin faɗa da yawa. Amma kada ki liƙa ta don neman kasuwa, masu karanta soyayya sun fi kowa gane wadda aka liƙa. Ƙaunar 'ya da ƙaninta ma ta isa ta riƙe littafi.

Batun Turanci ba zan tsawaita ba. Ki saurari mutanen labarinki idan suna faɗa a cikin kanki, harshen da suke yi da shi shi ne harshen littafin. Hausarki a babin nan tana da daɗi a duk inda kika saki jiki, kuma fagen almara da Turanci cike yake maƙil da marubutan duniya, alhali a Hausa akwai fili. Fassara za ta iya zuwa daga baya. Abin da nake roƙonki shi ne ki kula da ƙa'idar rubutu, ki saka allon rubutun Hausa a wayarki don baƙaƙe masu ƙugiya su fito daidai, ki kuma daina cusa kalmomin Turanci a bakin mutanen da ba su taɓa ganin Bature ba.

Neman masu karatu daga gida yake farawa. Bayan sallar isha'i ki tara ƙannenki da 'ya'yan maƙwabta ki karanta musu, idonki a kansu. Inda wani ya fara hamma ko ya jawo waya, ki sa alama, a nan labarin ya yi sanyi. Inda aka ce "sai me ya faru?" kafin ki juya shafi, nan ne kika kama hanya. Daga nan ki nemi mutum biyar zuwa goma a makarantarku waɗanda kika san suna son labaran jarumta, maza da mata, ki ba su su karanta, kuma kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, domin kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. Ki tambaye su inda suka tsaya suka ajiye, da wanda suka fi jin tsoron ya mutu, da abin da suke zaton zai faru gaba. Amsoshin nan ba a iya yi musu kara.

Kafin ki koma intanet, ki gama labari guda ɗaya cif, ko da gajere ne. Masu karatu a waya sun sha cizon yatsa da marubutan da suke fara labari su watsar a tsakiya, saboda haka wadda aka san tana kai nata ƙarshe tana da daraja ta musamman. Idan ya kammala, ki yanka shi gida-gida yadda mutum zai karanta kowanne a zama ɗaya, ki tsayar da ranaku biyu a mako kina saki ba fashi, kuma kowane kashi ya tsaya a inda mai karatu zai kwana da tunani. Ki buɗe shafi a Facebook ko Wattpad inda labarin zai zauna a jere, domin a zauren WhatsApp saƙonni suna binne juna kuma wanda ya zo a makare ba ya samun farko. Ki shiga wuraren da ake hirar littattafan yaƙi da tarihi, ki riƙa karanta na wasu kina yi musu sharhi na gaskiya, domin a wannan harka zumunta a ƙafa take kamar ko'ina. In kina da muryar karatu, ki naɗi kashi ɗaya ko biyu, akwai ɗimbin mutanen da ba za su zauna karatu ba amma za su saurara suna aiki. Taswirarki ma a nan za ta yi rana: bayan kashi na biyar ko na shida, lokacin da mutane suka fara tambayar ina tungar nan take daga ƙofar gari, sai ki fito da ita a matsayin tukuici.

Akwai kuma ƙofofin da ba na waya ba. Sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata a 2016, kuma ko ba ki yi nasara ba, tilasta wa kanki kammala labari cikin 'yan shafuka horo ne da ya dace da ciwonki daidai. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma zaman karatu da marubuta ido da ido yana koyar da abin da sharhin waya ba ya koyarwa. Malaman Hausa na makarantarku ma kada ki raina su, da yawansu suna murna idan ɗalibi ya kawo musu rubutu.

Kada ki sa kuɗi a gaba a littafin farko, ki bar shi kyauta ya yi miki suna. Amma ki tsare haƙƙinki: ki sa sunan alƙalaminki a kan kowane kashi, ki riƙa tura wa kanki kwafi ta imel don kwanan wata ya zama shaida, kuma duk mai tashar YouTube da ya nemi karanta labarinki ku yi yarjejeniya a rubuce, ko da 'yar gajeruwa ce. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, rubutu naki ne tun daga lokacin da kika rubuta shi, ba sai an buga ba. Ki yi hattara da wanda zai ce ki turo kuɗi ya mayar da ke shahararriya, kada ki baza lambar wayarki a bainar jama'a, kuma iyayenki su san abin da kike yi da inda kike saka shi. Karatunki na makaranta ma kada ya sha wahala saboda wannan, awa ɗaya kullum bayan asuba ta isa ta haifi littafi cikin 'yan watanni.

Ga aikin da na ba ki. Daga yau zuwa ƙarshen wata ki rubuta mini kalmomi 1,500 a kan yammaci ɗaya a bakin ƙofa ɗaya ta Birnin Kurmasa, daga lokacin da rana ta fara ja zuwa lokacin da aka sa sakata, ba tare da kin ambaci ko ɗaya daga cikin sauran masarautun ba. Ki karanta wa yaran gidanku, ki gyara inda suka yi hamma, sannan ki aiko mini, zan karanta in ba ki amsa da yardar Allah. Littattafan nan huɗu kuma ki sa su a leda saboda gara da laimar damina, ki ajiye su kusa da inda kike rubutu, domin za ki riƙa buɗe su akai-akai idan labarin ya fara tambayarki abubuwa. Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Ki gaishe mini da gwaggo.